Kawu Mai Ba da Iri

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ban san hannun damana ba, ya koma wata Talata da hantsi a ɗakinsa na Ƙofar Wambai, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar gida ya cika har lungu, tabarmi suka ƙare sai da aka aro na masallaci.

Ina cikin gida wajen mata, kusa da Inna matarsa, ina sauraron masu gaisuwa. Wata tsohuwa ta bayan layinmu ta ce duk haihuwar da ta yi, kwalbar zumar Kawu tana riga ranar suna shigowa ɗakinta. Wata ta ce lokacin da jikanta ya ƙone da ruwan zafi, da kansa ya zo ya shafa wa yaron zuma, ya yi ta dawowa har wurin ya warke. Inna dai kanta na ƙasa, tana ta cewa Allah ya ba da lada.

Da na fita miƙa ruwa bakin zaure, sai na hangi masu kiwon zuma. Sun zo tare, sun zauna can ƙarshen tabarma su kaɗai. Duk na san su, babu wanda bai taɓa cin tuwon Inna ba. Suka yi addu'a, aka shafa, sai ɗayansu ya nisa ya ce, "Allah ya yafe masa. Shi bai sani ba." Sauran suka amsa da amin.

Maganar nan ta yi mini zafi. Mutum ya yi shekarunsa duka yana yi muku hidima, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba, abin da bakinku ya iya samowa ke nan? Na ajiye butar da ƙarfi na koma ciki, ina jin Yaya, babban ɗan Kawu, yana tambaya me aka yi mini. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Ina tsoron kada ya zama abin da za a riƙe game da Kawu shi ne abin da bai sani ba.

Mutum ɗaya ne a cikinsu bai zauna ba, Baba Soja. Tsohon soja ne, Kirista, mutumin kudancin Bauchi, yana zaune a bayan barikin Shadawanka tun da ya ajiye aiki. Yaya ya ce lokacin da ake sallar gawa yana tsaye a rana da hularsa a hannu, aka ɗauka ya bi har maƙabarta, ya ƙi shiga mota. Da ya shigo gaida Inna ya durƙusa a bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya ce, "Uwargida, abokina ya tafi." A nan ne Inna ta fashe da kukan da take riƙewa tun safe.

Kawu gadon zuma ya yi. Mahaifinsa da amya yake yi, wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe ta da kashin shanu a rataye a reshen ɗorawa ko kaɗanya, can wajen Gubi, lokacin da wurin duk daji ne da gonaki. Kawu ne ya fara barin amya ya koma akwati, irin mai dogon ciki da ake jera sanduna a samansa, ƙudan ya gina saƙarsa a jikin kowace sanda. Tsofaffi sun yi masa dariya, wai ya yi wa ƙuda makara. Bai kula ba. Ya kwashe ƙudan mahaifinsa ya zuba a akwatuna, kuma har ya bar duniya yana cewa zuri'ar nan ce ba ta yanke ba, jikokin jikokin ƙudan babansa ne.

Ba ya ce musu ƙuda. Mutanena yake cewa. In muka isa gindin ɗorawa sai ya tsaya ya yi sallama kamar ya zo gidan surukai, ya ɗan jira, sannan ya matsa. Ina ƙarama na taɓa tambayarsa ko sun amsa. Ya ce, "Uwata, ke da ba kya yin shiru ina za ki ji?" Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, kuma a ƙarƙashin sunan nan na yi ta tsula tsiyata ba mai taɓa ni. Sau ɗaya ne bai cece ni ba. Na fara 'yanmatanci, na bulbula turaren Inna na bi shi daji duk da ya hana. Mutanensa suka yi mini taron dangi, na dawo gida ido ɗaya a rufe, leɓe kamar ƙosai. Yana cire mini ƙarin yana dariya har da hawaye, yana cewa ai sun yaba turaren ne.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na ce. Yana da taurin kai irin wanda in ya kafe ko Inna sai ta haƙura. Ya lalata mata tukwane ba adadi da narka kakin zuma, in ta yi magana ya ce tukunyar ce ta yi sa'a. Ba ya son a gyara masa magana a kan zuma, ko da kuwa mai gyaran ya fi shi gaskiya. Na san haka tun ina tace masa zuma a tsakar gida, kuma ban daina tace masa ba ko bayan na yi aure.

Amma abin da garin nan ya san shi da shi, shi ne ba da iri. Kowane akwati yana da uwa ɗaya, ita ke yin ƙwai. In ta mutu ko ta tsufa, akwatin ya kama hanyar mutuwa ke nan. A zamanin amya sai dai mutum ya zuba ido. Da akwati kuwa, Kawu ya gano cewa in ka zaro sanda guda mai ƙwai da 'ya'ya daga akwati mai ƙarfi ka sa wa mai rauni, ƙudan za su reni sabuwar uwa daga cikin ƙwan, gida ya tashi. Wannan shi yake kira iri. Yana da wani ɗan ƙaramin akwati da kafinta ya yi masa, daidai sanda ɗaya ko biyu. Sai ya sa saƙar a ciki, ya lulluɓe da tsumma mai ɗan laima, ya ɗaure a bayan babur, ya tafi. Ko a ina kake, in ka aiko cewa akwatinka ya yi sanyi, Kawu zai zo. Bai taɓa karɓar komai ba. In an matsa masa sai ya ce, "Ba nawa ba ne, na babana ne, je ka biya shi." In kuma ya haɗu da kai a kasuwa, kafin ya tambayi iyalinka sai ya ce, "Yaya jikokina?"

Haka ya samo Baba Soja. Baba ya bar aiki yana zaune a ƙofar gida ba abin yi, 'ya'ya sun watse birane, shi kuwa sai rama yake yi. Ya zo sayen zuma don tari, hira ta yi hira, Kawu ya ce masa gobe ya shirya. Ya ba shi akwati, ya ba shi iri, ya ba shi wuri a gefen nasa a Gubi. Tun daga nan ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Ranar Lahadi Kawu ke duba akwatunan Baba, ranar Juma'a Baba ke duba na Kawu. Suna musu a kan komai, daga siyasa har zuwa wanda ya fi wani shan harbi. Baba kan ce, "Malam, ni harsashi bai kashe ni ba, ƙuda naka ne zai kashe ni?"

Na tuna safiyar da na fara ganin abin. Bayan damina ce, na bi shi Gubi don ya ce zai ɗan yanko mini zuma. Ya yi sallama, ya matsa, sai na ga ya tsaya yana kallon ƙasa. A gaban akwatin ƙudan ne suke rarrafe cikin ƙura, ba sa iya tashi. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya a tafin hannu. Fukafukansa a cukurkuɗe suke kamar ledar da ta sha wuta. Ya juya shi da tsinke, sai ga wani ɗan abu ja a maƙale a bayansa, bai kai ƙwayar riɗi ba. Ya taɓa abin, sai ya motsa.

Ya ce, "Kaska. Ikon Allah. Uwata, har ƙuda ma yana da kaska?"

Dariya ma muka yi a lokacin. Ni na ce sai a kira Fulani su cire musu.

Kafin ɗorawa ta yi fure, dariya ta ƙare. Akwatuna suka fara sanyi, nasa da na mutane. Kullum sai an yi sallama da shi a zaure, wannan ya ce nasa ba sa fita kiwo, wancan ya ce ya buɗe ya tarar da rabi. Kawu kuwa magani ɗaya ya sani ga akwati mai rauni, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. A shekarar nan ya ba da iri fiye da duk shekarun da na sani. Ya yi ta zarar sanduna daga akwatunansa masu ƙarfi, yana zaɓen waɗanda suka fi cika da 'ya'ya, yana kaiwa. Babur ɗin bai huta ba. Inna ta ce ya tausaya wa ƙashinsa, ya ce mutane suna cikin wahala shi zai zauna? Yakan dawo da yamma jikinsa duk ƙura, yana murna ya ceci gida kaza. Ina ganin murnar nan a fuskarsa har yanzu, kuma ita ta fi komai yi mini ciwo.

Duk inda ya kai irin, sai abin ya ƙara lalacewa. Baba Soja ne ya gaji ya nemo wani malamin gona da ya san harkar zuma. Aka tara masu kiwo a gindin ɗorawar Kawu. Ni ban je ba, Yaya ne ya kwashe su a kekensa mai ƙafa uku da yake haya da shi, shi ya ba ni labari. Malamin ya zaro sanda, ya sa tsinke ya ɓalle murfin ɗaya daga cikin ramukan da ƙudan ke liƙewa da 'ya'ya a ciki, ya jawo ɗan da ke ciki, fari kamar tsutsa. A jikinsa ga jajayen nan a manne. Ya ɓalle wani, haka. Ya ce waɗanda ake gani a bayan manyan ƙuda kaɗan ne, gidan kaskar na gaskiya shi ne cikin ramukan 'ya'ya, a nan take ɓuya, a nan take haihuwa, tana tsotsar su tun kafin su fito. Sannan ya yi tambaya, ba da wata manufa ba, don shi baƙo ne. Ya ce ko akwai mai ɗaukar saƙar 'ya'ya daga wannan akwati zuwa wancan?

Yaya ya ce kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Baba Soja ne, da bai iya ɓoye magana ba tun yana bariki, ya juyo ya ce, "Malam, kai ne. Iri naka ne ya kawo mana."

Malamin gona ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya ce kaskar tana bin ƙudan da ya ɓata hanya ya shiga gidan wasu, ko ba a kai ta ba za ta je. Ya ce da ƙudanmu na da ƙarfi da sun iya da ita, amma ga feshin magani a gonaki, ga itatuwan da aka sare aka yi gawayi da gine-gine, ƙuda mai yunwa ba ya iya faɗa. Duk gaskiya ce. Kawu bai ji ko ɗaya ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce wa Baba, "Irin da ya tashe ka daga ƙofar gida, yau shi ne cuta?" Ya hau babur ya bar su a nan.

Ya daina yi wa Baba Soja magana. In Baba ya zo zaure sai a ce ba ya nan, alhali ga takalmansa. Baba yakan zauna ya sha ruwa ya ce wa Inna, "Uwargida, ki gaya masa takalmi nasa ya gaishe ni," ya tafi. Ni kuwa na goyi bayan Kawu da dukan ƙarfina. Na ce hassada ce, na ce malamin gonan me ya sani. Inna ce kaɗai ta ce mana mu bi a hankali.

Ga abin da masu cewa bai sani ba suka tsallake, ni kuma ba zan tsallake ba, don Kawu da kansa bai tsallake shi ba. Sau ɗaya ya sani. Wani dattijo ya zo daga wani ƙauye can bayan dam ɗin Gubi, inda kaskar ba ta kai ba tukuna. Uwar akwatinsa ɗaya ta mutu, ya ji labarin mai ba da iri a Bauchi, ya yi tattaki. Ya zauna a zaure yana roƙo. Ina ji Inna ta leƙa ta ce a hankali, "Malam, ka tuna abin da aka faɗa." Ya ce, "Mutum ya zo ƙofata in ce masa babu? Ban taɓa ba." Ya je ya zaɓi saƙar da ta fi kyau a idonsa, ya duba ta gaba da baya a rana, bai ga ja ko ɗaya ba, ya kai masa. Abin da ke cikin ramin da aka liƙe ido ba ya ganinsa. Kafin shekara ta zagayo, dattijon ya aiko da saƙo, ba da faɗa ba, wai yana neman shawara, ƙudansa da na maƙwabtansa suna rarrafe a ƙasa.

Ranar da saƙon ya zo Kawu bai ci abinci ba. Washegari da safe ya fito da ɗan akwatin nan na kai iri, ya sa gatari ya faskara shi a tsakar gida, ya tura wa Inna itacen bakin murhu. Ta ƙi sa shi a wuta. Shi ya sa da hannunsa.

Daga nan ya fara zagaye na biyu. Duk gidan da ya taɓa kai iri sai da ya koma, wannan karon hannu wofi. Yakan yi sallama, ya ƙi zama a kan tabarma, ya ce ya zo neman gafara. Wasu suka ce haba Malam, ai alheri ka nufa. Wasu suka ce ba komai da baki, fuska kuwa ta ce akwai. Wani ya ce masa gafara ba ta cika kwalba. Kawu ya ce gaskiya ne, ya yi masa godiya. Gidan Baba Soja ya bari a ƙarshe, kuma ni ya ce in raka shi, ina jin don kada ya juyo a hanya. Muka tarar da Baba yana gyaran ragar da yake kare fuska daga harbi da ita a ƙofar gida. Kawu ya tsaya yana neman bakin magana. Baba ya ɗago ya dube shi ya ce, "Yau takalmi ya zo da mai shi?" Kawu ya ce, "Ka faɗi gaskiya ran nan." Baba ya ce, "Na faɗa a gaban mutane, shi ne bai yi kyau ba. Zauna, Malam." Shi ke nan. Matarsa ta kawo kunu suka sha, suka koma musu a kan wanda ya fara daina gaida wani.

Su biyu suka shiga yaƙin tare, kuma na ga yadda aka ci su da yaƙi. Malamin gona ya ce a riƙa yanke saƙar da mazan ƙuda ke ciki a ƙone, don can kaskar ta fi taruwa. Kawu da bai taɓa kashe ɗan ƙuda da gangan ba, shi ne yake yankewa yana jefawa a wuta yana kau da kai. Sun gwada hayaƙin taba, sun gwada ganyen dogon yaro. An ce akwai wani magani da ake ratayawa a cikin akwati, aka yi ta aike Kano da Jos, in ya zo ya zo a makare, in an sa sai abin ya lafa ya dawo. Suna cikin wannan, mai gonar da ke gefensu ya yi feshin wake da rana tsaka, ƙudan da suka fita kiwo rabinsu ba su dawo ba. Akwatuna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya mutu sai Kawu ya kankare shi ya babbake cikinsa ya ɗauro shi a babur ya kawo gida. Suka taru a bayan ɗakin Inna har suka fi katanga tsawo. Na Baba Soja suka ƙare kaf.

Kawu ya taɓa ce wa Yaya ko zai riƙa bin sa ya koyi abin da ya rage. Yaya ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, keke ba ya kaska." Na zaci zai yi faɗa. Murmushi ya yi ya ce Allah ya yi albarka. Daga ranar bai sake yi wa kowa maganar gado ba. Mata masu haihuwa a unguwa suka daina ganin kwalba, kuma in ya hango mai jego sai ya sauya hanya don kunya.

Da ciwo ya kwantar da shi, akwati ɗaya ne ya rage masa a Gubi. Likita ya faɗi sunan ciwon, ni dai na san abin da ya ci shi. Wata rana da azahar Baba Soja ya zo dubiya, ina zaune ina yi wa Kawu fifita. Ya kama hannun Baba ya ce, "Na bar maka mutanena. Amma ka yi mini alkawari. Kada saƙa ta sake fita daga wani akwati ta shiga wani da sunana. Ko nawa ne, ko na wa." Baba ya ce, "Malam, ka warke ka je ka gaya musu da kanka." Kawu ya ce shi alkawari yake so. Baba ya ce, "Na yi, a gaban Allah."

Bayan an share makoki na matsa wa Baba sai ya kai ni in ga akwatin. Yaya ya ɗauke mu a keke. Hanyar da na sani tana ratsa gonaki yanzu duk gidajen ɗalibai ne da shaguna, sai can ƙarshe ɗorawar take tsaye ita kaɗai. Da muka matsa sai na ji Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Salamu alaikum." Ni ban iya ba.

Ya busa hayaƙi ya ɗaga murfi. Ƙudan ba su fi cikin ƙwarya ba. Ba su taso mana ba, sai wani kuka suke yi siriri mai tsawo wanda ban taɓa ji ba. Ya zaro sanduna ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a rana, ya mayar. Ya ce, "Kin ji kuka nan? Uwa ya mutu. Babu ƙwai ko ɗaya."

Na ce, "To a sa musu iri mana, Baba."

Ya kau da kai ya ci gaba da gyara zaman sandunan.

Na ce, "Duk garin nan? Mutumin da ya bi gida gida yana ba su? A rasa mai ba shi sanda ɗaya?" Muryata ta tashi har Yaya ya taso daga cikin keke.

Baba ya ce tun kafin in yi magana ya riga ya gano uwar ta mutu, ya zagaya gidajen masu kiwo neman iri, don zuciyarsa ba ta ba shi ya zauna ba. Yawancinsu akwatunan wofi suka nuna masa. Mutum biyu ne ke da sauran mai rai, su ma da kaska, su ma da ƙyar suke numfashi. Ɗaya ya ce ba zai iya ba. Ɗayan, wanda ya ce gafara ba ta cika kwalba, shi ne ya buɗe akwatinsa ya ce a zaɓi wadda ake so, ko da nasa zai mutu.

Na ce, "To me ka tsaya jira?"

Ya ce, "Na sa hannu zan ɗauka. Na fasa. 'Yata, kina wurin lokacin da na yi alkawari."

Na ce masa ai wannan akwatin ya riga ya kamu, ba wanda za a cuta. Na ce Kawu ciwo ne ya sa shi faɗin haka, da yana tsaye a nan da kansa zai ɗauko. Na ce zuri'ar kakana ce, in ta yanke ta yanke ke nan. Na faɗi maganganun da bai kamata in faɗa wa sa'an ubana ba. Ya bar ni har na gaji, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Ya ce, "Da yana nan zai ɗauko, na sani. Shi ya sa ya sa ni na rantse."

Ya mayar da murfin a hankali don kada ya danne ko ɗaya, ya ɗora dutse a kai. Muka daɗe a tsaye. 'Yan ƙalilan suna fita suna dawowa da garin fure a ƙafafunsu, suna kai wa 'ya'yan da babu.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san abin da ya ɗauka a bayan babur da abin da ya nufa da shi, ka fi mu sanin wanne ya fi nauyi. Ka yafe masa wanda ya sani da wanda bai sani ba, ka sanyaya masa makwanci, ka ba Inna haƙurin zama a gidan da babu shi.

Muka kamo hanya har muka shigo gari. Da za mu sauke Baba Soja a Shadawanka, sai ya ce wa Yaya ya zo ya ɗauke shi kafin ruwan farko, su je su kawo akwatin gida kada gara ta cinye shi.